Karnukan Babanku

Na san abin da ake faɗa muku a kan babanku. Ba a faɗa a gabana, amma ina da kunne, kuma jikokina ba su iya ɓoye magana ba. Kwanakin baya ƙaramarsu ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce mata jikar maye, wanda yake kama kurwar kare ya liƙa ta a jikin ƙyalle. Lokacin da abin ya faru manyanku suna birni suna neman na kansu, ƙananan kuma na tura su gidan ƙanwata a Dawakin Kudu don kada su ji abin da zai tsaya musu a rai. Saboda haka duk abin da kuka sani daga bakin wasu kuka ji shi. Ni ce nake tsaye a wurin, kuma idona bai mutu ba a lokacin. Zan rubuta muku yadda na gani, har da ɓangaren da ni kaina ban gama fahimta ba.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, amma takarda ba ta da kunya, don haka zan rubuta sau ɗaya: Sabo. Sabo Mai Fenti ake ce masa daga Kura har Bunkure. Sana'arsa zanen bayan manyan motocin da ke kwasar kwandunan tumatir zuwa kudu. Zaki, mikiya, ɗawisu, masallaci mai koren rufi, duk abin da direba ya ce yana so. Noma kuwa Allah bai ba shi ba. Ina jin shi kaɗai ne a garinmu da ruwan noman rani yake wucewa ta bayan gidansa bai taɓa dasa ko albasa ba. Ina yi masa tsiya da haka, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ya shuka mikiya a bayan mota ta kai Legas. Da injin buga hoto ya zo, direbobi suka koma liƙa na roba, sai aikin ya ja baya. Ya kan wuni a shagonsa na jikin zaure yana wanke buroshin da ba su yi datti ba.

A shekarar da abin ya faru ne wata mata ta zo daga birnin Kano, Hajiya Asabe, mai shagon sayar da zane-zane. A hanya ta ga wata tsohuwar mota, a bayanta an zana karen farauta mai yankakken kunne, ta bi tambaya har ta iso ƙofarmu. Ta ce irin waɗannan karnukan take so, na mafarautan ƙasar nan, da haƙarƙarinsu da tabonsu da layar wuyansu, wai akwai masu nema. Ta kawo masa ƙyallaye masu kauri a ɗaure jikin katako, da wani sabon fenti da ake sirkawa da ruwa, ba irin na mota ba da sai da kananzir. Ban taɓa ganin babanku ya yi murna irin ta ranar ba. Kakarku Iya kuwa, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma tana jin komai.

"Kare?" in ji ta. "Duk halittar Allah ka rasa abin zanawa sai kare?"

"Iya, shi ma Allah ne ya yi shi."

"Ban musa ba. Amma ba zai taka mini zaure ba. Gidan da ake sallah ne wannan."

Wannan maganar ce ta fitar da aikin daga gida. A bayan katangarmu akwai wani mangwaro, a gindinsa ƙaramar magudana take wucewa, wadda ta ɓalle daga babbar hanyar ruwa tana shiga gonakin mutane. Can ya kai bencinsa. Ku tuna kuma shekarar ce tsutsa ta faɗa wa tumatir, shekarar da manoma suka haukace da feshi. Wannan magani a yau, wancan gobe, wasu har haɗa uku suke yi a famfon feshi ɗaya. Iskar garin gaba ɗaya warin magani take yi, har a cikin tuwo kana jin sa.

Babanku yana da tsarinsa na aiki da ba ya sauyawa. Ba ya zane daga hoton waya, ya ce hoto gawa ne. Sai an kawo masa karen da rai, a ɗaure shi a jikin mangwaron da doguwar igiya, mai shi ya tafi harkarsa. Daga hantsi har azahar yana kallonsa yana zane, kwana da kwanaki. Zai yi jiki, ya yi ƙafafu, ya yi gashi ɗaya-ɗaya, amma ido sai ranar ƙarshe. Yana da wani siririn buroshi da ba ya taɓa komai da shi sai ido. Da fentin mota ba ya kai buroshi baki, amma da wannan na ruwa sai ya koyi tsoma shi a gwangwanin ruwa, ya sa a leɓe ya tsuke bakinsa ya yi tsini, sannan ya ɗiga.

Na farko da aka kawo shi ne Duna, baƙin karen Sarkin Baka. Sarkin Baka shi ne shugaban mafarautan yankinmu, Baba Ila, tsoho ne dogo, abokin mahaifin babanku tun suna samari. Wata rana na kai abinci na tarar da zanen ya kusa ƙarewa. Duna ne sak a jikin ƙyalle, har da tabon da gyado, aladen daji, ya yi masa a kafaɗa, amma inda ido ya kamata ya kasance farin ƙyalle ne kawai. Na ajiye kwanon na juya baya, don ban iya kallonsa ba. Washegari da na koma an saka idon, sai na ga gara jiya. Duk inda na tsaya yana kallona. Shi kuwa Dunan gaske yana kwance a gefe yana lallagi, harshe a waje, bai ko ɗaga kai ba.

Bai yi mako ba ya mutu. Aka ce rawar jiki ya fara, yawu yana dalala, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Sarkin Baka ya ce kwana ne ya ƙare, ya binne abinsa a bayan gari. Sai aka kawo na biyu, na wani maharbi daga wajen Kadawa. Aka saka ido, ya koma gida, ya mutu irin mutuwar Duna. Na gaba na wani Bafulatani ne daga rugar da ke gefen gonakin shinkafa, ƙaton kare mai gadin shanu, shi ma haka. Kafin Hajiya Asabe ta aiko a kwashe zane-zanen, a shago yake jingine su. Abin da zan faɗa yanzu ni na gani, ba labari aka ba ni ba. Da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya shige inuwa, karnukan gari sukan zo su zauna a ƙofar shagon nan. Ba haushi, ba faɗa. Su jeru a cikin rana suna kallon ƙyauren da yake rufe. In ka kore su su matsa kaɗan su sake zama. Har yau ban san abin da suke jira ba.

Daga nan magana ta tashi. Da farko a wajen niƙa, sannan a bakin masallaci. Aka ce idon nan da yake bari sai ƙarshe, a nan yake zuba kurwar. Aka ce wanda ya iya da kare zai iya da mutum. Matan da muka yi shekaru muna aron turmi suka daina aiko yara gidanmu. In babanku ya fito, uwa ta ja ɗanta ta rufe masa fuska da gyale. Mai unguwa ya kira shi ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma samari sun fara taruwa, kuma ba zai iya riƙe su har abada ba. Kun san yadda ake yi wa wanda aka kira maye a ƙauye. In an yi masa da sauƙi a kore shi, ya bar gidan ubansa da kabarin ubansa.

Yayana Haruna ya zo da babur har tsakar gida.

"Dije, ɗauko kayanki. Ki zauna a wurina har ƙurar ta lafa."

"Yaya, in na fita yau, na sa hannu ke nan a kan abin da suke faɗa."

"To in suka zo da wuta fa?"

"Su tarar da ni a ciki."

Ya dube ni ya ce taurin kaina na uwarmu ne, ya tashi babur ɗinsa. Daga ranar bai sake taka gidan nan ba har ya koma ga Allah, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na taɓa nuna muku. Amma abin da ya fi tsorata ni ba mutanen gari ba ne. Babanku ne da kansa. Ya rage cin abinci, ya kan zauna yana juya siririn buroshin nan a hannu. Wata safiya ina shara ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba:

"Dije, in na ɗiga idon nan, ji nake kamar wani abu ya taso daga can ya shigo nan. Tun ina zanen mota ban taɓa jin haka ba."

"Malam, kada ka sake faɗar wannan ko a gaban Iya."

"To in gaskiya suke faɗa fa, ni ne ban sani ba?"

Na ci gaba da sharata.

Ana cikin haka Sarkin Baka ya yi sallama a zaure, da karyarsa ta ƙarshe a bayansa, wata ja mai farin ƙirji da yake kira Ƙyale-su. Ya bar ta a waje don girmama Iya. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Sabo, gobe zan zo gindin mangwaron nan. Za ka zana ni, ni da ita, a ƙyalle ɗaya. Har ido."

"Baba, ka rufa mini asiri."

"Asirin nake rufa maka. Duna nawa ne, ni ya kamata in fi kowa jin haushi. Na yi shekaru ina kwana a daji, na san abin tsoro in na gan shi, kuma ban gan shi a jikinka ba. In na mutu, su kore ka da hujja. In ban mutu ba, kowa ya kama bakinsa."

Ku duba inda aka saka babanku. In ya ƙi, ya amsa da bakinsa cewa hannunsa yana kisa. In ya yarda, tsoho ne mai shekaru, ko zazzaɓi ya kwantar da shi a wannan watan an gama da mu. Ni na ce ya ƙi. Na ce mu tattara mu koma birni wurin manyanku, ya yi zanensa a can inda ba wanda ya san shi. Iya ce ta ba ni mamaki, ita da ta hana kare taka zaure. Ta ce ɗanta ba zai gudu daga gidan ubansa da sunan maye ba, ya je ya zana, ita za ta riƙe carbi. Babanku ya ce zai yi.

Aka fara. Sarkin Baka ya zauna a kan buzu da rigarsa ta farauta mai layu, Ƙyale-su ta kwanta ta ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Mutane suka riƙa taruwa a kan gaɓar babbar hanyar ruwa, daga nesa, ba mai matsowa. Tun da baƙo ne babba, ni nake kai masa ruwan randa a buta da fura a ƙwarya. Shi kuwa tsohon ya ce ba ya shan ruwa tana kallonsa, sai na haɗa da wani fasasshen kasko, yana zuba mata a ciki. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

Ranar ido rana ta yi zafi ƙwarai, ko ganye ba ya motsi. Na tsaya a jikin katanga da butar a hannu. Babanku ya ɗebi ruwa a magudana da gwangwaninsa kamar kullum, ya ɗauko siririn buroshin. Idon tsohon bai ɗauke shi lokaci ba, ya yi su ya wuce. Da ya zo kan idon karyar sai ya tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen. Ya tsoma, ya kai baki, ya ɗiga, ya sake tsomawa, ya sake kai baki. Aka kira azahar bai motsa ba, shi da ba ya bari a tayar da sallah ba ya sahu. Karyar da take barci ta ɗaga kai ta zuba masa ido, ba ta ƙifta ba, shi kuwa bai dube ta ba. Mutanen kan gaɓa suka yi tsit har ina jin gudun ruwa. Da ya gama ya ajiye buroshin a kan benci, leɓensa duk baƙin fenti, ya ce:

"Baba, tashi ka je gida. Babu abin da zai same ka, kai da ita."

Ba da fata ya faɗe ta ba. Ya faɗe ta ne kamar wanda ya riga ya san yadda aka yi. Na lura da haka, amma murnar an gama ta sa ban tambaye shi ba.

Sai jira. Kowace ranar kasuwa Sarkin Baka ya sa rigarsa ya ratsa kasuwar Bunkure daga wannan baki zuwa wancan, Ƙyale-su tana biye, yana tsayawa yana gaisawa da mutane da ƙarfi don kowa ya gan shi. Mako ya wuce, wata ya wuce, ko tari bai yi ba. Mata suka fara dawowa aron turmi suna sunkuyar da kai. Ni kuwa hankalina ya koma cikin gida, don hannun babanku ya fara rawa. Kofin shayi ya gagare shi riƙewa. Sai yawu, sai gumi, sai numfashi yana yi masa wuya. Na ji wannan ciwon a bakin mutane kafin in gan shi a ɗakina, irin na Duna ne. A asibiti likita ya tambaye ni ko manomi ne mai yawan feshi. Na ce mutumin nan bai taɓa goya famfo ba a rayuwarsa. Babanku ya yi ta jinya yana samun sauƙi yana komawa, bai ga ruwan farko na daminar ba.

Bayan rasuwarsa agwagin unguwar suka fara mutuwa, kifi yana tasowa a ƙaramar magudanar ciki a sama. Malamin gona ya zo ya bi ruwan da ƙafa. Sama kaɗan da mangwaronmu, a bayan ciyawar kachala inda ba a hangowa, ya tarar da wurin da masu feshi suke wanke famfunansu su zubar da ragowar magani in sun tashi aiki da rana. Ba sai an yi mini bayani ba. Kare a ɗaure cikin zafi daga hantsi zuwa azahar, ga ruwa a gabansa, me zai sha? Ƙyale-su ruwan randata ta sha. Babanku kuwa watanni ya yi yana tsotsar ruwan nan a bakin buroshi. Na faɗi haka a gaban mai unguwa, wasu suka yarda, wasu suka ce maitar ce ta koma kan mai ita. Waɗannan su ne kakannin yaran da suke zagin jikata.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, kuma ku faɗa wa duk wanda ya tambaya: guba ce ta kashe karnukan, guba ce ta kashe babanku. Sarkin Baka ya yi shekaru bayan haka, tsufa ne ya ɗauke shi. Ƙyale-su ta haihu har ta ga jikoki, rabin jajayen karnukan garin nan nata ne.

Saura abu ɗaya, kuma na daɗe ina tunanin ko in bar shi ya bi ni kabari. Zanen ƙarshen nan bai tafi Kano ba. Hajiya Asabe ta nema na hana, liman ya ba ni shawarar in ƙone shi na ce zan duba. Na jingine shi a shago fuskarsa tana kallon bango, na rufe, shekara da shekaru ban juya shi ba. Bara da aka yi mini aikin yanar ido aka ba ni tabarau, duniya ta dawo mini sabuwa, sai na ji ina son ganin hannun babanku. Na fito da shi tsakar gida da hantsi na goge ƙurar. Tsohon yana nan kamar zai yi magana, a idonsa ɗigon fari ne kawai irin na hasken rana. Sai na duba idon karyar, inda ya ɓata lokacin nan har sallah ta wuce shi. A cikin baƙin idon akwai mangwaro, ƙarami kamar ƙwayar gero. A gindinsa mutum ne a zaune a kan benci da shuɗiyar hula, hular babanku ce, wadda na wanke masa da hannuna a safiyar ranar.

Na sa aka kira mini Hajiya Asabe a waya, na roƙe ta ta duba hotunan sauran zanen da ta ajiye. Ta duba ta ce a idon Duna da sauran babu komai sai ɗigon fari.

Ni na san guba ce. Amma shi bai sani ba. Shi ya zauna a gindin bishiyar nan yana zaton duk wanda ya saka wa ido a ƙyalle zai tafi, ga abokin ubansa a gabansa ya miƙa wuya saboda shi. Ban san da wa ya yi magana a ransa ba, ban san me ya roƙa ba. Na dai kai tabarau har jikin ƙyallen, na riƙe numfashina na duba fuskar ɗan mutumin nan da ba ta kai kan allura ba. Ya saka masa ido.